Murar hunturu da jikin yara: a bar su su sha ta ko a nemi rigakafi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Ina da tambaya, don Allah ma'aikatan asibiti da ke cikinmu ku ba ni amsa yadda zan gane. Autana wata takwas gare shi. Satin da hazon nan ya rufe Maraɗi, yayarsa ta dawo daga lakwal da majina da tari, kwana biyu tsakani shi ma ya ɗauka. Ita cikin kwana huɗu ta warware. Shi kuwa jikinsa ya yi zafi rau, ya ƙi kama nono. Daren na uku na ɗaga rigarsa na haska fitilar waya, na ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi. Ko asuba ba mu jira ba muka nemi kabu-kabu. An gwada palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ba a samu ba. Kwana biyar muka yi a gado, biyu daga ciki da robar iska a hancinsa. Alhamdu lillahi ya tashi.

To ga inda kaina ya ɗaure. Uwar mijina ta ce in kwantar da hankalina, murar da yaro ya sha tun yana ƙarami ita ke gina masa jiki, yanzu ya ƙetare. Ƙanena da ke zaune a Ingila kuma ya ce su can duk shekara ana fesa wa 'ya'yansa rigakafin mura a hanci. Na duba karnen yarona, ban ga wata allura ta mura ba. Wa ke da gaskiya?

Hajiyar Bagalam: Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, Allah ya ƙara masa lafiya, ya raya miki su. Ni dai tara na haifa, kuma babu wanda hunturu bai kama ba. Man shanu a ƙirji, hula, a hana wankan safe, a yi ta ba da nono. Surukarki ba ƙarya ta faɗa ba, yaron da ya saba da mura ya fi wanda ake ɓoyewa ƙwari.

Ɗan Tasawa: Allah ya ba shi lafiya. Mura ai ba a yi mata allura, sanyi ne da ƙura. Hazo na wucewa za ta tafi.

Majo mai ritaya: Sannu Uwar Biyu. Kin yi daidai da ba ki jira gari ya waye ba. Wannan lotsawar da kika gani alamar ciwon huhu ce mai tsanani, yara da dama sun tafi saboda an ce a bari sai da safe.

Ɗan Tasawa, bari in gyara maka kaɗan. Mu da Hausa komai mura muke ce masa, amma abu biyu ne. Akwai majinar yau da kullum, ƙwayoyin birus iri-iri ke kawo ta, yaro na wasa hanci na zuba. Akwai kuma wadda muke kira girip a asibiti, ita ce infuluwenza. Ita farat ɗaya take kayar da mutum, da masassara mai zafi, ciwon jiki da busasshen tari. Sanyi da ƙura ba su ne ciwon ba. Suna busar da hanci da maƙogwaro, suna tara mu ɗaki ɗaya an rufe taga, sai ƙwayar ta samu hanya daga wannan zuwa wancan. Cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai tana bin diddigin girip a ƙasar nan tun 2009, kuma lokacin sanyin nan ne aka fi samunta. Ba kowane yaro ake ɗaukar majinarsa a kai gwaji ba, don haka a gadon asibiti abin da ake gani shi ake magani, wato ciwon huhun.

Ɗalibin likita: Ina wuni Majo. In ka ba ni dama in ɗora a kan maganarka, don tambayar Uwar Biyu ta taɓo wani abu da ya daɗe yana burge ni.

Hajiya da surukar Uwar Biyu sun kama wani ɓangare na gaskiya. Jikin yaro koyo yake yi. Jariri na zuwa duniya da sojojin jiki na aro, waɗanda uwa ta tura masa ta mabiyiya, galibi a watanni ukun ƙarshe na ciki. Waɗannan suna raguwa a hankali, wajen wata shida sun kusa ƙarewa. Daga nan sai nasa jikin ya fara haɗa nasa. Duk ƙwayar da ta shige shi, jikin na riƙe kamanninta, ya ajiye wasu ƙwayoyin jini masu tunawa da ita.

Abin da ya sa girip ta fita daban shi ne, wadda yaro ya fara gamuwa da ita a rayuwarsa tana barin tambari mai zurfi. Kamar almajirin da ya koyi rubutun allo a hannun malaminsa na farko. Ko ya zaga makarantu goma bayan nan, in ka dubi yadda yake jan alƙalami za ka ga hannun malamin farko. Wani likitan Amurka, Thomas Francis, shi ya bayyana haka a 1960. Ya lura cewa in mutum ya gamu da sabuwar girip, jikinsa na fara zaro makaman da ya ƙera wa ta ƙuruciyarsa.

An ga wannan a fili a 2009, lokacin da wata girip mai suna H1N1 ta taso daga Meziko ta zagaye duniya. Yara da matasa ta fi kamawa, tsofaffi da yawa kuwa ta same su da sauran kariya, domin danginta ne suka yi yawo a duniya suna yara, kafin 1957. Sannan a 2016 wani bincike ya dubi waɗanda murar tsuntsaye ta kwantar, aka ga shekarar haihuwa na da tasiri: waɗanda aka haifa kafin 1968 sun fi tsira daga H5N1, waɗanda aka haifa bayan nan sun fi tsira daga H7N9. A 1968 ɗin ne H3N2 ta ɓulla daga Hong Kong ta zama girip ɗin farko ta yaran zamanin.

Malamin lakwal: Ikon Allah. Wato kowa na yawo da tarihin murarsa ta farko a jini. H5N1 ɗin nan ba ita ce ta kashe kaji a Magarya a 2006 ba?

Ɗalibin likita: Ita ce, Mushe. Ta fara bayyana a wata gonar kaji a jihar Kaduna a farkon shekarar, ba a jima ba aka same ta a Magarya.

Baba na Tsibiri: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. In za ta ƙirga shekarun wani sai ta ce an haife shi kafin marisuwa ko bayan marisuwa. Ta ce gida guda sai a fitar da gawa biyu, uku a yini. Da na girma na gane annobar 1918 take nufi. Don haka ni ba na raina mura.

Ɗan Tasawa: To ai kun dawo kan maganar tsohuwa. Tunda ta farko ce ke koya wa jiki, a bar yaro ya sha ta da wuri ya huta. Mi ya kawo allura?

Majo mai ritaya: A'a ɗana, nan ne ba mu tare. Ka sake karanta abin da Uwar Biyu ta rubuta: kwana biyu da robar iska a hanci. Kuɗin makarantar ke nan, kuma ba kowane yaro ke iya biya ba. Na yi shekaru ina riƙe da CSI, wato ƙaramin asibiti, a ƙauye, inda babu iskar, babu motar ɗaukar marar lafiya, sai amalanke. Na ga yaran da aka kawo leɓe ya riga ya yi shuɗi. Iyayen da ke cewa yaranmu sun sha mura sun yi ƙwari suna ƙirga waɗanda suka rayu ne. Hajiya, ki gafarce ni, ba da ke nake ba, amma ke ma kin san gidajen da hunturu ya yi wa giɓi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta girip na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar ciwon numfashi. Cikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da take kashewa ta ciwon huhu, kusan dukkansu a ƙasashe irin namu suke. Dalilin a bayyane yake: tamowa, nisan asibiti, hayaƙin icce a ɗaki. Hanyoyin iskar jariri ƙanana ne, majina kaɗan ta toshe su. Kuma girip na kwaye fatar cikin hanyar numfashi, sai bakteriya ta biyo baya ta sauka a huhu. Sau da yawa wannan ta biyun ce ke kisa.

Hajiyar Bagalam: Babu komai Majo, gaskiya ka faɗa. Maƙwabciyata ta rasa na goye a sanyin bara waccan. Kwana uku kawai. Allah ya sa mai ceto ne.

Uwar Biyu: Amin Hajiya. To likita, tunda nawa ya riga ya sha, ya ƙetare ke nan kamar yadda ake cewa a kan ƙyanda?

Ɗalibin likita: A'a Yaya, da ma haka ne da an huta. Ƙyanda kamanninta ɗaya, wanda ya yi ta sau ɗaya ko aka yi masa rigakafinta cikakke ya gama da ita. Girip kuwa ɓarawo ce mai sauya riga. Akwai nau'in A da nau'in B, cikin A akwai H1N1 da H3N2 da ke yawo tsakanin mutane yanzu, kuma kowace tana ɗan sauya fatarta shekara bayan shekara. In girip ce ta kama yaronki, ya san fuska ɗaya. Sauran bai gan su ba tukuna, wadda ya sani ma za ta dawo da wata riga. Abin da ya samu zai iya rage masa tsanani nan gaba, amma ba zai hana shi kamuwa ba.

Shi ya sa rigakafinta ba irin na karne ba ne da ake yi a gama. Sau biyu a shekara masana ke zama ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, a Fabrairu don ƙasashen arewacin duniya, a Satumba don na kudu, su zaɓi irin da ake sa ran za su yi yawo, a haɗa sabuwar allura. Yawancinta ma a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayar kafin a kashe ta.

Mai shagon magani: Ni abin da ke damuna, mutane na cewa allurar ce ke sa murar. Wani alhaji ya yi ta kafin tafiya Makka, ya ce kwana biyu ya yi jiki na ciwo.

Ungozomar Sabon Gari: Ta hannu ba ta da ƙwaya mai rai, ba za ta iya sa girip ba. Ciwon damtse da ɗan zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu alamar jiki na aiki ne, kamar yadda yara ke yi bayan Penta, allurar jarirai ta cikin karne. Kuma sai ta yi kamar sati biyu kafin ta kama. Wanda ya ɗauki mura a layin fasfo kafin nan, sai ya ɗora wa allura.

Malamin lakwal: Ina da tambaya ta gaskiya, ba gardama ba. In abin da jiki ya fara gani ne ke zama tambari, yaron da allura ce farkon abin da ya gani fa? Ba za a ce an koya masa karatu rabi ba? Kuma yawan alluran nan, wata uku na farko kaɗai an yi wa jariri nawa, jikin ba ya gajiya?

Ɗalibin likita: Tambayar farko ita ce masana ke aiki a kanta yanzu haka. Akwai jarirai da ake bi tun daga haihuwa a Nikaraguwa, Niyu Zilan da Amurka, ana ɗibar jininsu kafin da bayan girip ta farko ko allurar farko, don a ga yadda kowace ke tsara garkuwar. Abin da aka riga aka tabbatar shi ne, ciwon kansa na tayar da garkuwa ta fuskoki da yawa, har cikin hanci da maƙogwaro, allurar hannu kuwa ta fi ƙarfi wajen sojojin da ke cikin jini. Ta hancin da ƙanen Uwar Biyu ya ambata ƙwaya ce mai rai da aka raunana, tana kwaikwayon hanyar da ciwon ke bi, kuma ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Ingila ta fara ba yara ita a 2013.

Saboda jikin ƙaramin yaro bai da abin tunawa, in za a yi masa ta hannu karon farko, daga wata 6 zuwa shekara 8, sau biyu ake yi, da tazarar aƙalla sati huɗu. Ta farko gabatarwa, ta biyu tuni. Kuma ba ta toshe ƙofa gaba ɗaya. A shekarar da ta dace da irin da ke yawo tana rage kamuwa da kamar kashi 40 zuwa 60 cikin 100, tana kuma rage kwanciya asibiti. Yaron da aka yi wa zai gamu da girip ɗin wata rana, jikinsa zai koya daga gare ta, sai dai ba da hannu wofi za ta same shi ba. Ni a ganina wannan ya fi a miƙa mata ɗan wata takwas haka nan.

Batun gajiya kuwa, Mushe, dubi ɗan da ke rarrafe a tsakar gida. Ƙasa, takalmi, kashin awaki, duk baki. Abin da jikinsa ke fuskanta a yini ɗaya ya fi abin da ke cikin alluran karne yawa nesa ba kusa ba.

Majo mai ritaya: In kuna neman abin da ke lalata garkuwar yaro da gaske, ƙyanda ce. Ba ta tsaya ga ƙuraje da jan ido ba, tana kashe ƙwayoyin da ke riƙe da tunanin cututtukan da yaro ya riga ya sani. Kamar a wanke allo bayan an sha wahalar rubutu. Shi ya sa za ka ga yaro ya tashi daga ƙyanda, wata da watanni yana fama da zawo da tari. Allurar ƙyanda kuwa tana nan kyauta a wata tara, amma sai uwa ta daina zuwa awo tun bayan ta wata uku da rabi.

Ɗan Tasawa: To in tana da amfani haka mi ya sa ba a sa ta mura cikin karne ba?

Majo mai ritaya: Abu ne da sai an sake saya an sake yi duk shekara, ga sanyaya ta, ga ma'aikata. Ƙasa mai fama da palu, ƙyanda da sanƙarau dole ta jera abin da za ta fara da shi. Amma kada ka ɗauka karnen bai taɓa wannan matsala ba. Penta na ɗauke da rigakafin wata bakteriya da ake kira Hib, kuma tun 2014 aka shigo da ta Pneumo. Su biyun nan suna tare manyan masu biyo bayan girip su sauka a huhu. Sati 6, sati 10, sati 14. Uwar Biyu, duba karnen ki gaya mana, an cika ukun?

Uwar Biyu: Na duba Baba Majo. Biyu aka yi. Ranar ta ukun muna ƙauye wajen rasuwa, da na dawo na je aka ce in komo wani sati, daga nan ban koma ba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Ungozomar Sabon Gari: Kada ki zargi kanki ƙanwata, kuma ba a sake farawa daga farko. Ki kai shi da karnen a ɗora daga inda aka tsaya, ga ta ƙyanda ma ta kusa.

Ni kuma bari in ja hankalin mata kan 'yan ƙasa da wata shida, tunda su ba a yi musu ta girip sam. Garkuwarsu uwa ce. A Bamako an yi gwaji da mata masu ciki sama da 4,000, aka ga jariran waɗanda aka yi wa allurar girip sun fi samun kariya a watannin farko, kafin ta ragu. A Bangaladash ma wani gwaji da aka wallafa a 2008 ya nuna raguwar kamuwa da girip da kashi 63 cikin 100 a jarirai. Mali maƙwabtanmu ne, yanayinmu ɗaya. Mai ciki ita kanta girip na kayar da ita fiye da sauran mata. Wadda ke da hali ta tambayi likitanta a wajen awo.

Wadda ba ta da hali kuma, akwai abin da ke hannunta. Dakashi. Har gobe ina ganin kakanni na matse shi a zubar wai datti ne, a ɗura wa jariri ruwan bauri. Wannan ruwan ɗorawar mai kauri cike yake da sojojin da ke shafe hanji da maƙogwaron jariri. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. In uwa ta kamu da mura kada ta janye nono, ta wanke hannu, ta rufe hanci da gyale ta ci gaba da ba shi. Kuma ranar suna a lokacin sanyi, a daina miƙa jariri hannu hannu, kowa na tari yana sumbatarsa.

Hajiyar Bagalam: Wannan ta suna za ta yi wuya, za a ce kin yi wulaƙanci. Amma zan gwada a kan jikata da ke tafe, in ce ungozoma ce ta hana.

Mai shagon magani: Majo, iyaye na zuwa su ce in ba su amoksisilin na siro don majina. In na hana su tafi wajen mai tebur.

Majo mai ritaya: Ka ci gaba da hanawa, ka yi musu bayani. Antibiyotik ba ya taɓa birus. Amfaninsa sai in ciwon huhu ya shiga, kuma ma'aikacin lafiya ne zai auna ya rubuta. Parasetamol daidai nauyin yaro, ruwa, nono, a share hanci. Asfirin kuwa kada a ba yaro mai mura ko kaɗan, yana iya jawo wani ciwo mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Kowace uwa ta koyi ƙirga numfashi. Yaro na kwance ba ya kuka, ki ɗaga riga, ki sa agogon waya minti ɗaya cur. Ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Wannan saurin numfashi ne, a tafi asibiti ranar. In kuwa haƙarƙari na lotsawa, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da komai, ko ya yi taune-taune, ko ba ya farkawa sosai, ko tsakar dare ne a fita. Kuma duk zafin jiki a gwada palu, ko da rani ne.

Malamin lakwal: Mu ma da namu laifin. Aji na da yara sama da saba'in, taga rufe saboda ƙura. Yaro na zuwa da masassara don tsoron a ce ya yi fashi. Daga gobe duk wanda jikinsa ke da zafi zan mayar da shi gida, in kuma gaya wa iyaye su nisanta shi da na goye.

Ɗalibin likita: Hakan zai taimaka ƙwarai Mushe. Yara sun fi manya daɗewa suna fitar da ƙwayar, wani ya wuce sati, kuma daga aji take shiga gidaje, kamar yadda ta faru gidan Uwar Biyu.

Ɗan Tasawa: Ni dai har yanzu allurar duk shekara ba ta kwanta mini ba. Amma karnen 'ya'yana zan sa a ɗauko mini yau in duba.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Yanzu ya yi barci na ƙirga, 42 na samu. Baba Majo, har yanzu yana ɗan tari, in kai shi allurar haka ko in jira ya daina?

Majo mai ritaya: 42 a wata takwas lafiya lau ne. Ɗan tari ko majina ba sa hana allura matuƙar babu zazzaɓi mai zafi. Ki tafi ranar awo ta satin nan, ki haɗa da takardar sallamar asibitin ki nuna musu, kuma ki ce su auna nauyinsa da damtsensa, don yaro kan rame bayan irin wannan kwanciya.